Ba Kullum Ba Ne Bayan Wuya Sai Daɗi

Tun da ya ke Edita ya ba ni fili, ina so in yi magana a kan wani karin magana da mu kan jefa wa juna in wahala ta sami ɗayanmu, watau bayan wuya sai daɗi. Ɗalibi ya rasa kuɗin makaranta, sai mu dafa kafaɗarsa mu ce masa bayan wuya sai daɗi. Malami ya yi wata uku bai ga albashi ba, mu gaya masa haka nan. An kori mutanen wani ƙauye daga gonakinsu suna kwana a ajin makarantar garin da ba nasu ba, mu kai musu ɗan mudun masara mu maimaita musu ita. Tun daga shekarar 2023 kuwa, da aka janye tallafin man fetur, abinci da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo, maganar nan ta ƙara yawa a bakinmu, har a cikin wa'azi.

Ban ce kakanninmu sun yi ƙarya ba. Sau da yawa haka abin ya kan zama, manomi ya sha rana ya ci sabon hatsi. Amma fa ni a ganina Kirista wanda ya kafa begensa a kan wannan karin magana kaɗai ya yi gini a bakin rafi, gama akwai wuyar da ta kan raka mutum har bakin kabari, ba ta sake shi ba. Ranar da irin wannan ta zo, me za mu ce wa ɗan'uwa? Ra'ayina shi ne begen Kirista yana da tushe dabam, wanda ya kan tsaya ko daɗin ya zo ko bai zo ba. Don in nuna haka, bari in ɗauko labarin wani malamin makaranta irinmu, wanda kowa a cikinmu ya san sunansa, amma kaɗan ne suka bi labarin nasa har ƙarshe, watau Bishop Samuel Ajayi Crowther.

An haifi Ajayi a garin Osogun cikin ƙasar Yarbawa wajen shekarar 1809. A lokacin nan daular Oyo tana wargajewa, yaƙi ko'ina, kamun bayi ya zama sana'a. A cikin 1821 mayaƙa suka faɗa wa garinsu da safe, suka sa masa wuta, suka ɗaure yaron da uwarsa da ƙannensa da igiya a wuya. Ubansa kuwa tun daga ran nan bai sake ganinsa ba. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwar. Aka yi musayarsa da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka mayar da ciniki. Daga nan ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu, kasuwa zuwa kasuwa, har aka sayar da shi a bakin taba da barasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa baƙin ciki ya kai shi har ya nemi ya kashe kansa, Allah bai nufa ba. A ƙarshe ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko, suka sa shi cikin wani jirgin ruwa mai zuwa Barazil. Sunan jirgin Esperanza Felix, ma'anarsa kuwa wai bege mai daɗi. Begen masu jirgi ke nan, da ribar da su ke sa ran ci a kan 'ya'yan mutane.

A watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila masu farautar masu cinikin bayi suka kama jirgin nan tun bai yi nisa ba. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da suka ga naman alade a rataye, da harsasan igwa a tare wuri ɗaya, sai suka ɗauka naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Aka kai su Firitawun a ƙasar Saliyo, aka 'yanta su. Nan Ajayi ya shiga makarantar mishan ta C.M.S., cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, shi ne ɗalibi na fari da aka rubuta. Ya fita ya zama malamin makaranta, ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, ita ma kuwa malama ce.

Daga nan sai ɗaukaka ta yi ta bin ɗaukaka. A 1841 ya bi jiragen da Ingila ta aiko su hau Kwara, tare da J. F. Schön, Baturen nan da ya yi ɗawainiyar rubuta Hausa. Tafiyar ta ɓaci, zazzaɓi ya kashe Turawa kimanin 40, amma ta nan aka gane aikin bishara a ƙasar nan sai da 'ya'yan ƙasa. Aka kai shi Ingila aka keɓe shi limamin ekklesiya a 1843. A 1846 a Abekuta ya gamu da uwarsa bayan rabuwar shekara 25, a 1848 kuwa aka yi mata baftisma, aka sa mata suna Hannatu. A 1851 ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari, baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi a ekklesiyar Angalikan. A cikin taron har da Henry Leeke, shugaban jirgin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce.

To, a nan yawancin masu wa'azi su kan rufe littafi. Su ce, ga yaron da aka musanya da doki ya zama Bishop, kai ma jure, naka yana zuwa. Labari ne mai daɗin ji, ba shakka, kuma gaskiya ne. Amma mai hankali a cikin aji zai ɗaga hannu ya yi tambaya. Masana tarihi sun ƙididdige mutum fiye da miliyan 12 da aka ɗora a jiragen bayi daga Afirka zuwa ƙetaren teku. Jirage kaɗan ne aka tare. Sauran fa? Uwayensu ba su yi kuka ba ne, ko Allah bai ji nasu ba? In duk abin da bangaskiya ta alkawarta shi ne jirgin ceto zai ɓullo, to, ta yi wa mutum ɗaya alkawari ta bar dubbai. Don haka na ce kada mu tsaya a 1864. Mu bi tsohon nan mu ga abin da ya yi a kwanakin da jirgin ceto bai zo ba.

Tun kafin ya zama Bishop ya sha irin waɗannan kwanaki. A 1857 ya sake hawa Kwara tare da Likita Baikie a cikin wani jirgi mai suna Dayspring. Suka ajiye ma'aikata a Anaca, suka wuce Lakwaja, suka nufi arewa. Kusa da Jabba jirgin ya bugi dutse ya farfashe. Suka fito da ransu, amma kaya da yawa suka salwanta, suka zauna a bukkoki a bakin kogi wajen shekara guda suna jiran wani jirgi. Mutum ya baro iyali da aiki, ga damina, ga zazzaɓi, ba ya kuwa san ranar tafiya. Me ya yi? Ya ɗauki takarda da alƙalami ya shiga koyon Nufanci, yana tambayar masunta da fatake sunan kowane abu, yana ziyartar Raba yana sabawa da sarakuna. Littattafan Nufanci da ya fitar daga baya, a zaman jiran nan aka shuka su.

A ƙarshen 1862 kuma gobara ta cinye gidansa a Ikko. Asarar tufafi da kujeru ba ta dame shi kamar ta takardu ba. Kalmomi da karin maganar Yarbanci da ya yi shekara 11 yana tarawa daga bakin tsofaffi, da fassarar wasu littattafan Musa da ya riga ya gama, duka suka zama toka a dare ɗaya. Ku ɗalibai da kuka san zafin ɓatar da littafin shirin darasi na mako guda, ku auna wannan. Ya koma ya fara daga fari, har Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Yarbanci a cikin shekarun 1880, shi ne kuwa jigon aikin. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi a bakin Kwara tare da ɗansa Dandeson, ya tsare su yana neman fansa mai yawa. Wakilin Ingila na Lakwaja, William Fell, ya zo ya fisshe su, amma suna gudu zuwa jirgi kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu. Crowther ya tsira da nauyin sanin cewa wani ya rasa rai saboda shi. Duk da haka bai bar kogin ba.

Amma wuyar da ta fi duka ba daga masu kamun bayi ta zo ba, ba kuwa daga wuta ko kogi ba. Daga cikin gida ta fito. Henry Venn, sakataren C.M.S. wanda ya tsaya tsayin daka a kan cewa ekklesiyar Afirka ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa bishara da kanta, ya rasu a 1873. Bayansa iska ta juya. Zamanin rabon Afirka ya zo, Turawa da yawa suka fara ganin baƙar fata bai isa shugabanci ba. Matar Bishop ta rasu a 1880, uwarsa ta bi ta ba da daɗewa ba. Sa'an nan wasu samarin mishan suka iso daga Ingila da zafin jini, cikinsu har da J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, waɗanda suka zauna a Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa. Brooke ko shekara 30 bai kai ba. Suka dubi aikin da tsoho ya yi shekara 30 da ɗoriya yana ginawa, suka ce ruɓaɓɓe ne. A watan Agusta na 1890 aka yi taron kwamitin kuɗi a Anaca. Aka kori ma'aikata 'yan Afirka da yawa, wasu aka dakatar da su, ba tare da an bi ta kan Bishop ba. Sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya dakatar da Dandeson daga aiki a gaban ubansa, tsoho mai shekara 80 da wani abu.

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta duka. Akwai ma'aikatan mishan ɗin Kwara da suka yi laifi na ainihi, wasu sun sa ciniki gaba da aikin Allah, Bishop kuwa mutum ne mai taushin hali, ya fi son ya yi wa mai laifi gargaɗi da ya kore shi. Samarin nan kuma ba matsorata ba ne, Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, dukansu a bakin aiki. Amma gyara dabam, wulaƙanci dabam. Sun haɗa mai laifi da marar laifi sun yi musu kuɗin goro, sun kuma kunyata dattijo a gaban 'ya'yansa. Crowther ya sauka daga kwamitin. Cikin 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ran 31 ga Disamba na shekarar nan ya rasu a Ikko. Bai ga an wanke sunansa ba. Wanda aka naɗa a gurbinsa Bature ne, aka kuwa yi shekara 60 kafin a sake ba ɗan ƙasa riƙon dayosis na Angalikan a Nijeriya, watau 1952. Ina daɗin da ya biyo bayan wannan wuya? A duniyar nan dai tsohon bai ɗanɗana shi ba.

To, me ya riƙe shi? Ku lura da kalmar da mu Kirista masu jin Hausa mu ke amfani da ita, watau bege. A bakin Bahaushe bege shi ne ɗokin wanda ka ke ƙauna, wanda ba ya kusa da idonka. Amarya ta kan yi begen gida, ɗa ya kan yi begen uwa. Ba a begen buhun gero, sai dai a sa rai da shi. Ni a ganina waɗanda suka zaɓi wannan kalma sun yi dace, gama begen Kirista a kan Mutum ya rataya, watau Yesu Almasihu, wanda ya mutu ya tashi. Mai sa rai da abu, ran da abin ya kuɓuce masa sai ya karai. Wanda ya ke begen Mai shi kuwa, ko an ƙwace kome yana da sauran wurin dafawa. Yaron da aka raba da uwa, aka yi cinikinsa kamar akuya, ya ji a Saliyo cewa akwai wanda ya saye shi da jininsa, ba kuwa zai sake sayar da shi ba. Wannan ne ya ba shi daraja tun yana ɗan makaranta marar takalmi, tun Kantabari ba ta san da shi ba. Abin da Kantabari ba ta ba shi ba, kwamitin Anaca ba shi da ikon karɓewa. Shaidata a kan haka ita ce halinsa bai sāke ba. Yadda ya yi a Jabba da bayan gobara, haka ya yi a tsufansa, yana aikin fassara, yana rubuta wa ikilisiyoyi, yana shirin komawa bakin aiki har ciwo ya kwantar da shi.

Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye mana wannan ba, mu ne mu kan tsallake shafin. Muna son labarin Yusufu, daga rijiya zuwa kurkuku, daga kurkuku zuwa fada. Muna son ƙarshen Ayuba, da aka ninka masa dukiyarsa. Amma Musa fa, wanda ya yi shekara 40 yana fama da jama'a a jeji, ya hangi ƙasar alkawari daga kan dutse, bai taka ta ba? Irmiya fa, wanda ya yi wa'azi har tsufa ba a saurare shi ba, a ƙarshe aka ja shi zuwa Masar ba da sonsa ba? Yohanna Mai Baftisma a kurkuku aka sare kansa. Ku buɗe Ibraniyawa sura 11 ku karanta har ƙasa. Bayan waɗanda suka ci nasara, an jera waɗanda aka jejjefe, da waɗanda aka kashe da takobi, an kuwa yaba wa bangaskiyar kashi biyun daidai wa daida. Ubangijinmu kansa ya roƙa a Jatsaimani a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, ba a ɗauke ba. Waɗanda ya koya wa, su suka watse suka bar shi. Saboda haka mai bi da ke cikin wuya bai kamata ya ɗauka Allah ya juya masa baya ba, gama hanyar da ya ke bi, Ubangijinsa ya riga ya taka ta, kabarin kuwa bai riƙe shi ba.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa a bakin samari masu ilmi. Za su ce irin wannan koyarwa ita ke sa talaka ya kwanta a taka shi, a hana shi hakkinsa a ce ya jira lada a sama. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gama an sha yin amfani da sunan haƙuri a rufe bakin wanda aka zalunta. Amma ku dubi mutumin da mu ke magana a kansa. Ya yi ta kai ƙarar cinikin bayi har gaban manyan Ingila. Sa'ad da Etsu Maliki na Nufe ya ga barasar Turawa tana lalata mutanensa, wurin Crowther ya aika a taimake shi a hana shigo da ita, Sarki Musulmi ya amince da Bishop Kirista don ya san ba mai yin shiru ba ne. A 1890 ma bai sa hannu a kan abin da ya ga ba daidai ba ne, ya tashi ya bar musu kujerar. Ya kuma goyi bayan ikilisiyoyin bakin teku, su Bonny, da suka ce za su riƙe kansu da kuɗinsu, abin da ya tabbata a 1892 a ƙarƙashin Dandeson. Abin da bege ya hana shi, shi ne ƙiyayya da fid da zuciya. Bai zagi kowa ba, bai fasa ekklesiya don fushi ba, bai kuma ce aikin banza ya yi ba. Mutumin da ya fid da zuciya shi ne ya kan kwanta a taka shi, ko kuwa ya tashi ya ƙone gari. Mai bege ya kan faɗi gaskiya, gobe kuma ya koma bakin aikinsa.

Wani kuma zai ce, ai ga shi daɗin ya zo daga baya. I, ya zo. Yarbawa suna karanta Littafin da ya yi wa wahala har yau. Makarantar da aka kafa a Lakwaja a zamaninsa, a 1865, ana lissafta ta cikin makarantun boko na fari a arewacin ƙasar nan. Surukinsa T. B. Macaulay ya kafa makarantar sakandare ta C.M.S. a Ikko a 1859, jikansa Herbert Macaulay kuwa yana cikin waɗanda suka fara neman 'yancin Nijeriya. Makarantar horon malamai ta St. Andrew's da aka buɗe a Oyo a 1896, a filinta aka kafa jami'a mai sunansa a 2005. A 2014 kuma, shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya amsa a fili cewa an zalunce shi, ya nemi gafara. Sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Amma ku ƙidaya, shekara 123 ke nan bayan an binne shi. Da don ya ga wannan rana ya ke aiki, da ya mutu da hasara. Ya ba da aikinsa ga Allah, ya bar masa zaɓin ranar girbi.

Mu da mu ke shirin zama malamai, ko mu ke koyarwa yanzu, wannan darasi namu ne fiye da kowa. Aikin malami shuka ce wadda mai yin ta ba safai ya kan ga girbinta ba. Za a tura waninku ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina, ya tarar da yara 80 a aji ɗaya, rufin ya yaye, allo ya farfashe. Albashi zai makara. Wanda kuka fi shi aiki za a ɗaga shi a bar ku. Wata rana ma ƙaramin yaro da bai san wahalar da kuka sha ba zai zo da takarda a hannu ya ce duk abin da kuka yi ba daidai ba ne, mai yiwuwa kuwa ɗan'uwa ne da ku ke sujada tare. In abin da ya kawo ku shi ne bayan wuya sai daɗi, a shekara ta biyar za ku fara lissafi, ku ga daɗin bai iso ba, sai zuciya ta yi tsami. Daga nan ne malami ya kan fara zuwa a makare, ya bar yara suna ta surutu yana can gindin mangwaro, ko ya sa su noma gonarsa. Amma in kun san wanda ya kira ku, kun kuwa san yana ganin littafin da kuka duba da fitilar aci-bal-bal, za ku nemi hakkinku ta hanyar da ta dace, ba tare da tsoro ba, ku kuma shiga aji da ƙarfe takwas. 'Yan'uwanmu Musulmi da mu ke zaune tare a makarantar nan sun san darajar haƙuri da dogara ga Allah, ina fata su ma za su sami abin ɗauka a labarin dattijon da sarakunansu suka girmama.

Abin da na ke roƙo shi ne mu gyara yadda mu ke ta'azantar da juna. In ɗan'uwa yana cikin wuya, kada mu yi masa alkawarin da Allah bai aike mu da shi ba, mu ce kafin ƙarshen shekara zai sayi mota, ko ciwon zai tafi in ya ƙara baiko. Ran da abin bai faru ba, mun jawo masa wuya biyu, ta farko da ta shakkar Allah. Gara mu zauna tare da shi, mu raba abin da ke cikin kwanonmu, mu tuna masa da wanda ya sha wuya dominsa ya kuwa yi alkawari ba zai bar shi ba. In daɗi ya zo a nan duniya, mu yi godiya tare. In bai zo ba, mun san akwai ranar da za a share hawaye, ita ce kuwa ba ta da fashi. Ku ɗalibai masu fita bana, in kun je makarantunku kuna ba yara labarin Ajayi, ku ba su shi har ƙarshe, da doki da Kantabari da Anaca duka. Allah ya ba mu bangaskiya irin wadda ta kan kai mutum tsufa. Amin.